'YANCI DA GONA: KAN BIKIN JUNETEENTH A GIDAN TARIHIN CARVER

Kowace shekara idan watan Yuni ya kama, akwai wani gidan tarihi a birnin Austin, hedkwatar jihar Teksas ta ƙasar Amurka, da yakan cika da jama'a. Ana kiɗa da waƙa, ana ciye-ciye, ana ba yara labarin kakanninsu. Sunan bikin Juneteenth, wato ranar 19 ga Yuni, ranar tunawa da 'yantar da bayi. Gidan kuwa yana ɗauke da sunan George Washington Carver, mutumin da aka haife shi cikin bauta, ya zama malamin kimiyyar noma, ya kuma yi shekara 47 yana koyarwa a makarantar Tuskegee da ke jihar Alabama. Ginin da aka fara buɗe gidan a cikinsa tsohon laburare ne da aka keɓe wa baƙar fata tun 1933, a zamanin wariya, sai a 1980 aka mai da shi gidan tarihi. A farfajiyarsa, tun 2015, akwai mutum-mutumi biyar na tagulla masu nuna yadda labarin 'yanci ya bi daga baki zuwa baki. Ɗaya daga cikinsu Fasto ne.

Mai karatu yana iya tambaya, me ya haɗa kifi da kaska? Ina ruwan ranar 'yanci da malamin gona? Mu dai a ganinmu waɗanda suka haɗa biyun nan a inuwa ɗaya sun yi daidai, watakila ma sun yi daidai fiye da yadda masu zuwa cin biki suke tsammani. Domin takardar 'yanci ba ta taɓa ciyar da kowa ba, kuma waɗanda suka fara faɗin haka a fili dattawan ikilisiya ne.

Ga yadda abin ya faru. Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a shelar 'yantar da bayi ran 1 ga Janairu 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa. A daren da ya gabata, 31 ga Disamba 1862, baƙaƙen fata da yawa sun kwana a majami'u suna addu'a, suna jiran gari ya waye. Mu da muka saba da sujadar daren shiga sabuwar shekara mun san irin wannan zama, sai dai mu kalanda kawai muke jira ta juya. Amma shela ba ta aiki sai inda sojan gwamnati ya kai, Teksas kuwa tana can nesa. Sai ran 19 ga Yuni 1865 Janar Gordon Granger ya ba da umarni a garin Galveston cewa dukan bayi sun zama 'ya'ya. Mutane wajen 250,000 a jihar nan sun yi shekara biyu da rabi suna noma wa iyayengijinsu kyauta bayan doka ta riga ta sake su. Daga shekarar da ta biyo aka fara bikin, galibi a harabar majami'u. A 1872 Rabaran Jack Yates na birnin Houston da waɗansu abokansa suka tara kuɗi suka sayi fili eka goma domin jama'arsu su sami wurin yin bikin ba tare da roƙon kowa ba. Jihar Teksas ta mai da ranar hutu daga 1980, gwamnatin tarayyar Amurka kuwa sai a 2021.

Ɗaya daga cikin sunayen da aka fara kiran ranar da shi shi ne ranar Jubili. Duk dattijon da ya karanta Littafin Firistoci sura 25 ya san cewa dokar shekara ta hamsin ƙafa biyu gare ta. Bawa yana fita, kuma kowa yana komawa gonar gidansu. Ba a raba su ba. Su ma waɗanda aka 'yantar sun sani sarai.

Ran 12 ga Janairu 1865, wata biyar kafin shelar Galveston, Janar William Sherman da ministan yaƙi Edwin Stanton suka zauna da shugabannin ikilisiyoyin baƙar fata guda ashirin a birnin Savannah na jihar Jojiya. Suka tambaye su abin da jama'arsu take bukata. Wanda ya yi magana a madadinsu shi ne Garrison Frazier, Faston Baftis mai shekara 67, wanda ya fanshi kansa da matarsa da kuɗin hannunsa kafin yaƙi. Amsarsa ita ce, hanyar da za su fi iya riƙe kansu ita ce su sami ƙasa su noma ta da ƙarfinsu. Bai roƙi sadaka ba, bai roƙi muƙami ba. Bayan kwana huɗu Sherman ya ba da umarnin a raba filayen bakin teku, eka arba'in ga kowane gida, har mutane wajen 40,000 suka zauna suka fara shuka. Kafin shekarar ta ƙare an kashe Lincoln, Andrew Johnson da ya gaje shi kuma ya sa aka mayar wa tsofaffin iyayengiji da yawancin filayen. Wato an ba da ƙafa ɗaya ta Jubili, aka riƙe ɗayar.

Abin da ya biyo baya shi ne noman gonar wani a raba amfani. Mai gona yana ba da fili da iri da bashin abinci, da kaka kuma shi ne mai awo, shi ne mai lissafi. Ya kuma tilasta a shuka auduga, domin ita ce mai kuɗi. Auduga bayan auduga shekara da shekaru ta tsotse ƙasar har ta gaji, ruwan sama ya yi ta zaizaye ta. Manomi yana noma abin da ba zai ci ba, yana cin bashi domin ya sayi abin da zai ci. Wannan ce ƙasar da Carver ya tarar da Booker T. Washington ya gayyace shi Tuskegee a 1896.

Shi kansa Carver ba da sauƙi ya kai wurin ba. An haife shi wajen 1864 kusa da garin Diamond a jihar Misuri. Yana jariri 'yan fashin bayi suka sace shi tare da mahaifiyarsa Mary. An samo shi, ita kuwa ba a sake ganinta ba. Wata kwaleji a Kansas ta ba shi gurbin karatu ta wasiƙa, da ya iso suka ga fatarsa suka ce ya koma. Daga baya ya shiga kwalejin noma ta jihar Iowa, ya sami digiri na farko a 1894, na biyu a 1896. Da ya isa Tuskegee bai tarar da ɗakin bincike ba, shi da ɗalibansa suka riƙa tsintar kwalabe da tsofaffin tukwane a juji suna mai da su kayan gwaji.

A nan muke so mu daɗe kaɗan, domin a nan ainihin aikinsa yake, kuma a nan ne masu biki suka fi saurin wucewa. Carver ya lura cewa shawarar da masana suke ba manyan manoma, wato a sayi takin zamani da sababbin injuna, ba ta da amfani ga mutumin da ba shi da ko sisi. Saboda haka ya ɗora koyarwarsa a kan abin da matalauci yake da shi. Ya ce a kwaso ganyen daji da laka daga fadama da kashin dabbobi a haɗa taki. Ya ce a huta da auduga a shuka wake da gyaɗa, domin a jikin saiwarsu akwai 'yan ƙananan ƙululu inda waɗansu ƙwayoyin halitta suke zaune suna ɗauko sinadarin naitirojin daga iska suna ajiye shi cikin ƙasa, shi ne abincin da auduga ta cinye. Ya ce a shuka dankali, a yi ɗan lambu a bayan ɗaki, a ba aladu 'ya'yan itatuwan daji maimakon sayen dusa, a busar da kayan lambu domin lokacin sanyi. Ya rubuta ƙananan littattafai 44 cikin harshe mai sauƙi, da yawansu har da yadda uwargida za ta dafa abin da aka noma. Da ya ga cewa waɗanda suka fi bukata ba su iya karatu ba, ba su kuma iya barin gona su zo makaranta, sai aka ɗora makarantar a kan amalanken doki a 1906, tana bin ƙauyuka da kayan gwaji. Wani ɗalibin Tuskegee, Thomas Campbell, shi ne ya riƙa tafiya da ita, ya zama ɗaya daga cikin malaman gona na farko da gwamnatin Amurka ta ɗauka. Sau da yawa a ƙofar majami'a ake tarar da jama'a bayan sujada, domin nan ne kaɗai ake samunsu tare.

Wake da gyaɗa ba baƙi ba ne a wurinmu. Waken da Carver ya rubuta littafi a kansa tun 1903 asalinsa na Afirka ne, a zamanin cinikin bayi ya ƙetare teku, har yau kuma Nijeriya da Nijar ne kan gaba a duniya wajen nomansa. Manomin Katsina ko Maraɗi da yake zuba wake a tsakanin gero bai taɓa jin sunan naitirojin ba, amma ya san gonar tana jin daɗi, ga harawa kuma ga dabbobi. Ashe wani sashe na ilimin da aka koyar a Alabama komawa ne ga abin da bauta da auduga suka raba mutane da shi.

Duniya ta fi sanin Carver da gyaɗa. A 1916 ya fitar da ɗan littafi mai nuna hanyoyi 105 na sarrafa ta, a 1921 kuma ya tsaya gaban wani kwamitin majalisar dokokin Amurka kan batun harajin gyaɗar waje. Minti goma aka ba shi, da suka ji bayaninsa suka yi ta ƙara masa lokaci. Daga nan sunansa ya bazu, labari kuma ya fara kumbura. Har yau ana gaya wa yara cewa shi ya ƙirƙiro niƙaƙƙiyar gyaɗar da Turawa suke shafa wa burodi, alhali ba shi ba ne. Cikin abubuwa wajen ɗari uku da ya haɗa daga gyaɗa, kaɗan ne ƙwarai suka shiga kasuwa. Yaɗuwar noman gyaɗa a kudancin Amurka ma, ƙwaron da ya cinye auduga da bukatar mai a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya sun fi shi hannu a ciki. Iyayenmu mata da suka daɗe suna fitar da mai da tunkuza da ƙuli-ƙuli daga gyaɗa ɗaya, da an ba su alƙalami su ma da sun cika takarda. Ba mu faɗi wannan domin mu rage masa daraja ba. Muna ganin ƙarin gishirin nan ne yake rufe babban aikinsa. Mutumin da ya koya wa matalauci yadda zai rayar da matacciyar ƙasa ba tare da cin bashi ba, an mai da shi mai abin al'ajabi da gyaɗa, domin wannan hoton ba ya tsone wa kowa ido, ba ya kuma tayar da tambayar wa ya mallaki gonar.

Haka ma bangaskiyarsa. Carver ya yi shekaru masu yawa yana koyar da ajin Littafi Mai Tsarki ran Lahadi da yamma a Tuskegee, bisa ga roƙon ɗalibai, yakan kuma tashi da asuba ya shiga daji yana addu'a yana duban tsire-tsire. A 1924 jaridar New York Times ta soke shi domin ya faɗa a gaban taro cewa Allah ne yake bi da shi cikin bincikensa. Masu wa'azi suna son wannan labari, mu ma muna sonsa. Amma kada a ba matasanmu shi ta yadda za su ɗauka cewa addu'a ta maye gurbin karatu. Mutumin nan ya yi digiri biyu, ya yi shekaru yana tattara cututtukan shuka yana duba su ɗaya bayan ɗaya. Ya yi addu'a, ya kuma auna, ya rubuta.

Ba kuma shi kaɗai ba ne, gidan tarihi mai adalci dole ya faɗi haka. Shinkafar da ta arzuta masu gonaki a jihar Karolina ta Kudu ta dogara ƙwarai ga bayin da aka kwaso daga yankunan noman shinkafa na Afirka ta Yamma, waɗanda suka san yadda ake tare ruwa da sakinsa. Henry Blair ya sami takardar mallakar injin shuka masara a 1834, bai iya rubuta sunansa ba sai alama ya yi. Norbert Rillieux na New Orleans ya ƙirƙiro hanyar dafa ruwan rake da ta sauya sana'ar sukari a shekarun 1840. Waɗannan biyu 'ya'ya ne, shi ya sa sunansu ya tsira. A 1858 babban lauyan gwamnatin Amurka ya yanke cewa abin da bawa ya ƙirƙira ba za a ba shi takardar mallaka ba. Saboda haka yawancin masu ilimin ba su da suna a kowane littafi.

Yanzu ga abin da ya fi damunmu. Ilimin Carver gaskiya ne, amma yana da iyakar da ba laifinsa ba. Wanda yake noma gonar wani, in ya yi shekara uku yana zuba taki har ƙasa ta farfaɗo, mai gona yana iya ƙara masa kuɗin haya ko ya kore shi ya sa wani. To, don me zai wahala? Shawarar ta fi amfanar wanda ya mallaki filinsa. Duk da tsanani, baƙaƙen fata sun yi ta tara kwabo da kwabo suna saye, har zuwa 1910 suna da ƙasar noma wajen eka miliyan 16. A 1920 manoma baƙar fata sun kai wajen 925,000, kusan kashi 14 cikin ɗari na dukan manoman Amurka. A ƙidayar manoma ta 2022 ba su kai kashi 2 cikin ɗari ba. Waɗansu tsoro da kisan gilla ya kore su zuwa birane. Waɗansu ofisoshin ba da rancen noma na gwamnati suka yi ta hana su ko jinkirta musu har lokacin shuka ya wuce, abin da ya kai ga shari'ar da aka sani da sunan Pigford, wadda aka sasanta a 1999 da alkawarin biyan diyya. Da yawa kuma ta hanyar gado aka raba su da ƙasar. Kaka ya mutu bai bar wasiyya a rubuce ba, gona ta zama ta jikoki talatin ba a raba ba, sai wani ɗan kasuwa ya sayi kason mutum ɗaya da ke zaune a birni, ya je kotu ya nemi a sayar da gonar duka. Dattawanmu da suka sha zaman sulhu kan gonar gado ba sa bukatar a fassara musu wannan.

Saboda haka muna cewa bikin da zai yabi ilimin noman baƙar fata ya kuma yi shiru kan inda gonakin suka tafi, rabin labari ya bayar. Yaron da aka kai gidan tarihi ya ga hoton Carver ya kamata a gaya masa amsar Fasto Frazier a rana ɗaya.

Juneteenth ranarsu ce, ba mu ce a kwaso ta a sa cikin kalandar ikilisiyoyinmu ba. Amma ƙasarmu ma ta san bauta, ta san rinji, ta san murgu. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewacin Nijeriya, wato a zamanin iyayen waɗansu da suke zaune a kujerar dattawa yau. A 1909 mishan ta SUM ta buɗe gidan renon 'yantattun yara a Rumasha, waɗansu daga cikin yaran nan kuma suka zama masu bishara da malamai na farko. Mu ba mu da ranar tunawa da wannan, a gidaje da yawa ma magana ce da ake rufewa saboda kunya. A wajen noma kuma ba a bar mu ba shaida. Tun ƙarshen shekarun 1950 Peter Batchelor ya fara aikin haɗa bangaskiya da noma a ƙasar Filato, inda ake koya wa masu bishara noma da shanu da kiwo domin su koya wa jama'a. Tunanin amalanken Tuskegee ke nan a wata riga. Tambayar ita ce, nawa ne cikin ikilisiyoyinmu suke riƙe da shi har yanzu?

Yawancin membobinmu manoma ne, baikon da ke riƙe majami'a kuma daga rumbu yake fitowa. Duk da haka, in yaro ya sami gurbin karatun noma a Samaru, sau da yawa akan yi masa jaje ne cewa bai sami likitanci ko lauya ba. Ran godiyar kaka muna ɗaga damin da ya fi girma, ba ma tambayar tsohon da ya kawo shi yadda ya yi da ƙuduji a gonarsa, ko matar da take ajiye irin waken da ba ya jin fari daga ina ta gaje shi. Idan suka rasu ilimin ya bi su, kamar dai bayin nan na gonakin shinkafa da ba a rubuta sunansu ba.

Muna roƙon majalisun dattawa su sa abu biyu cikin ajandar zamansu kafin kakar bana. A nemi malamin gona, ko a cikin membobi ko daga ƙaramar hukuma, a ba shi sa'a ɗaya bayan sujada sau ɗaya a wata, tsofaffin manoma maza da mata su zauna tare da shi, sakataren matasa kuma ya riƙa rubuta abin da aka faɗa da sunan wanda ya faɗa. Sa'an nan kowane gida ya duba matsayin gonarsa tun maigida yana da rai: ina iyaka, su wa ne shaidu, akwai takarda daga mai unguwa ko hakimi ko hukuma, an kuma faɗi rabon gwauruwa da 'ya'ya mata a gaban mutane? Filin majami'a da na maƙabarta su ma a duba su. Inda ikilisiya take da lauya ko ma'aikacin ofishin filaye a cikin membobinta, a gayyace shi zaman, a kuma sanar da ranar tun mako biyu kafin ta zo domin 'yan'uwan da suke aiki a birni su sami halarta.